Dashe a Gonar Aro

Kowa a ƙauyenmu ya san ba a dasa itace a gonar aro. Ka shuka gero, ka shuka riɗi, ka zuba taki iya ƙarfinka, ba mai ce maka uffan. Gawon da ya fito da kansa ma na Allah ne. Amma ka haƙa rami da hannunka ka sa dashe, to ka ce gonar taka ce ke nan. Na san wannan tun ina ƙarami, kada ma wani ya nema mini uzuri.

Gonar da Baba yake nomawa a bayan ƙauyenmu, can ƙasar Gwiwa, aro ce. Wani alhajin Kazaure ya ba shi ita tun kafin a haife ni. Duk kaka Baba yakan sa damin gero guda a mota ya kai gidansa, alamar ya san mai ita. Da alhajin ya rasu sai ya ci gaba da kai wa babban ɗansa, wani ma'aikacin gwamnati mai fara'a. Daga gonar nan muka ci, daga ita aka yi mini karatu.

Da na gama karatun na samu aiki a wani kamfani mai sayen riɗi yana fitarwa waje. Aka ba ni babur da hular kwano da waya, aka ce ni ne jami'in manoma. Ina shekara ta biyu shugabarmu, wata mata 'yar kudu mai kirki, ta tara mu a ofis. Ta ce masu saye na ƙasashen waje sun daina karɓar riɗi sai daga kamfanin da yake kula da muhalli da al'umma. Saboda haka duk manominmu zai dasa itace ashirin a kan iyakar gonarsa, mu ɗauki hoto, waya ta nuna wurin. Wanda bai dasa ba a cire shi daga jerin, ba iri, ba taki, ba farashin kamfani. Muka tafa. Ni ma na tafa, har da ƙarfi.

Motar dashe ta zo ƙauyenmu da darbejiya da mangwaro a baƙaƙen ledoji. Mutane suka tsaya suna kallo, ba wanda ya miƙa hannu. Jira suke su ga abin da uban jami'i zai yi.

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

"Baba, in ba ku karɓa ba, ba mai karɓa."

"Kai, ka manta gonar ta wace ce?"

"Haba Baba, shekara nawa? Wa zai ce wani abu a kan 'yan itatuwa? Ai gyara muka yi musu."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Aikinka ne zai taɓu?" Na ce zai iya. Ƙarya nake, faɗa kawai za a yi mini. Washegari ya ɗauki ashirin ɗinsa, kafin azahar motar ta koma wayam.

Na ɗauke shi hoto a tsugunne kusa da dashen farko. A wayar akwai gurbi ɗaya, an rubuta mai gona. Babu gurbin mai aro. Na sa sunan Baba na wuce gona ta gaba.

Baba kuma ba ya yin abu rabi. Da rani ya shiga ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki, yana ɗauro jarkoki biyu a keke daga rijiya safe da yamma. Na wasu duk suka bushe, nasa suka yi kore shar, ana hangowa daga hanya. Har kamfani ya buga hotonsa a kalanda da sunansa a matsayin mai gona, aka raba.

Kaka ta zagayo, Baba ya kai dami Kazaure. Da yamma sai ga shi ya dawo da damin. Ya sauke a tsakar gida, ya nemi buta. Inna ta dube ni.

Bayan kwana uku aka kira mu gidan dagaci. Ɗan alhajin ya durƙusa ya gaida Baba, kalandar tana naɗe a hannunsa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

"Baba, wallahi ban ce kun yi da wata niyya ba. Amma ga itatuwa a kan iyaka, ga takarda ta ce ku ne mai gona. Yau muna raye. Gobe 'ya'yanku su ce gado ne, ni me zan ce wa ƙannena?"

Baba ya ce zai tumɓuke su a ranar. Mutumin ya ce a'a, a bar su, ai sun kama. Dagaci ya dubi ƙasa ya ce mai abu ya nemi abinsa, sai haƙuri. Na buɗe baki in ce ni na rubuta, Baba ya ɗaga mini hannu. Na yi shiru, kuma shirun ya yi mini sauƙi.

Na kai wa shugabarmu maganar. Ranta ya ɓaci da gaske, ta yi ta cewa sannu. Sannan ta tambaya ko itatuwan suna nan. Na ce suna nan. Ta ce to a gyara sunan, kada gonar ta fita daga jerin. Ni na gyara. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Mutane suna tsammanin na yi kuka, ko na ajiye aiki. Ban yi ko ɗaya ba. Albashina ne yanzu yake sayo hatsin gidan, to ina za ni? Tun ranar gidan dagaci ba na jin zafi, ba na jin daɗi. In ci abinci, in hau babur, in dawo.

Ɗan alhajin ba manomi ba ne, 'yan ƙwadago yake ɗauka. Da damina ta faɗi ya aiko cewa ba wanda ya san ƙasar nan kamar Baba, in yana so ya zo a riƙa sallamarsa kullum. Baba ya je. Ya ce zaman gida ciwon baya yake sa shi.

Watan jiya lokacin hoton da kamfani yake ɗaukar itatuwan duk shekara ya yi. Ɗan alhajin ya zo da farar shadda, ya tsaya a gindin mangwaron da ya fi tsayi. Baba yana bayansa a sunkuye yana noman kunya. Ƙa'idar kamfani ita ce kada kowa ya fito a hoto sai mai gona. Na matsa dama, Baba yana ciki. Na matsa hagu, yana ciki.

Na ce, "Baba, ku ɗan matsa."

Ya ɗago ya share gumi, ya ɗauki fartanyarsa ya koma can bakin iyaka.

"Nan ya yi?"

Na ce ya yi.