Shaidar da Niña Tancho Ta Ƙi Bayarwa

A unguwarmu ta La Ceibita, can gefen birnin San Salvador, ƙofa biyu ce kawai ake fita daga daba: ta maƙabarta da ta coci. Wanda ya zaɓi ta biyu sai ya je gaban manyansa ya ce ya karɓi Yesu. Ba sa hana shi, don su ma suna tsoron Allah a irin nasu tsoron. Amma daga ranar ido na kansa. Ba giya, ba taba, ba matar da ba tasa ba. Riga mai dogon hannu komai zafi, Littafi Mai Tsarki a hammata, coci kullum da yamma. Wanda aka kama yana wasa da Allah, kamar yadda suke faɗa, ba ya ganin Lahadi mai zuwa.

Da yake 'yan daba ba sa shiga coci su ga wa ke tuban gaskiya wa ke tuban muzuru, sai su tambaya. Wadda suke tambaya kuwa ita ce Niña Tancho.

Tránsito Menjívar ne sunanta, amma rabon da a kira ta haka tun ranar ɗaurin aurenta. Niña kuwa a wajenmu kamar a ce Inna ne. Gajeriya ce, shekara sittin da huɗu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kullum da farin mayafi a ka, takalmin maza a ƙafa saboda ciwon gwiwa, da jaka mai ɗauke da Littafi, kwalbar man zaitun da wata tsohuwar lasifika mai batir. Da safe ta sha kofi a rumfar mahaifiyata, inda muke toya pupusa, wainar masarar nan mai wake da cuku a ciki, sannan ta kama bin gidaje. Inda akwai mai jinya ta shiga, inda aka yi rashi ta zauna, inda aka kore ta ta tsaya a bakin ƙofa ta yi addu'arta daga nan.

Ba ta iya addu'a a hankali ba. In ta ɗora maka hannu, sai ta ba Ubangiji labarinka kaf, da ƙarfi, kamar bai sani ba. "Ubangiji, ga Marta. Ƙafarta ta kumbura, mijinta kuma ya koma wajen waccan mai gyaran gashi ta bakin kasuwa, ka dai san ta." Maƙwabta su yi ta rufe taga suna dariya. Amma su ɗin ne ke aikawa a kira ta in zazzaɓi ya kama yaro, don bayan amin ba ta tafiya. Ita ce mai wanke gyambo, mai juya tsoho a gado, mai zubar da fo.

Kada a ɗauka mace ce mai taushi. Tun ina rarrafe na san ta, ban taɓa ganin ta rungumi kowa ba. A ganina, ƙin a kayar da ita ya fi ƙaunar mutane ƙarfi a zuciyarta. Ko da Allah ciniki take yi, irin na mai sayen tumatir da ta san farashin jiya.

Shekara tara da suka wuce aka fara tambayarta, a kan wani saurayi mai suna Rigo. Ta ce, "Yaron nan jikinsa ne kawai ke coci." Gaskiya ta faɗa. Bayan kwana biyu aka tsinci Rigo a kwazazzabon bayan filin ƙwallo. Ita ta wanke gawar, ita ta ja waƙa a bakin kabari, ba ta kuma ƙara ambaton sunansa ba. Daga nan bakinta ya zama hatimi. Wanda ta ce tubansa na gaskiya ne, an bar shi. Maza goma sha ɗaya ne ke yawo da rai a unguwar saboda kalmarta. 'Yan coci na cewa Allah ya fitar da alheri daga mugun abu. Ita ba ta taɓa faɗin haka ba.

Elmer Quintanilla na cikin goma sha ɗayan. Shekararsa talatin da ɗaya, zanen daba na fata, irin wanda ba ya gogewa, ya cinye masa wuya har ya hau kumatu. Shekara biyu ke nan da fitarsa, yana aiki a gidan burodin coci, yana tallar burodi a keke. Ba ya fashin sujada, sai dai in ana waƙa bakinsa kawai ke motsi. Niña Tancho ba ta son sa. Ta ce yana da idon karen da ya saci nama ya ƙoshi.

Wata Asabar da azahar ta je yi wa wata mai naƙuda addu'a a wajen tashar mota, nesa da unguwa. A hanyar dawowa ta ga keken burodi jingine a bangon wata mashaya. Ta ɗaga labule ta shiga da farin mayafinta. Ga Elmer a kusurwa, kwalabe uku babu komai a gabansa, Littafinsa a kan kujera ya rufe shi da hula.

"Sannu da ibada, ɗan'uwa Elmer."

Ya miƙe har ya kusa kifar da tebur. "Niña Tancho, ruwa na shigo sha."

"Na gani. Ruwan nasu har kumfa yake yi."

Ya koma ya zauna. "Matata Yesenia ta tafi da 'yarmu. Ta ce ta gaji da zama da wanda kowa ke jira ya mutu."

"Na sani. Ni na yi mata addu'ar hanya." Ta ɗauke hular daga kan Littafin ta jefa masa. "Wani ya gan ka?"

"Ban sani ba."

"To an gan ka ke nan. Tashi, burodin mutane na bushewa."

Ranar Litinin Chele ya zo rumfarmu. Shi ne shugaban dabar unguwar, fari dogo, mai magana a sanyaye. Niña Tancho ta san shi tun yana cikin tsumma. Mahaifiyarsa, Niña Goya, ta shekara huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma duk Laraba Niña Tancho ce ke zuwa ta yi mata wanka da addu'a. Da ya ja kujera kusa da Niña Tancho, wadda ke shan kofinta, masu cin pupusa suka tuna suna da aiki a gida.

"Uwa, ina kwana?"

"Ka gaida taka uwar yau, kafin ka zo kana raba wa mutane sunan?"

Ya yi murmushi. "Ana ta ƙananan maganganu a kan Elmer. Ni ba na aiki da an ce an ce. Ke za ki faɗa mini. Juma'a zan dawo."

"In na ce ban sani ba fa?"

"Ke ba kya rashin sani, uwa. In kika yi shiru ma, na ji amsa."

Ya ɗauki pupusa ɗaya daga kasko da yatsunsa, ya tafi yana hura ta.

Kowa ya gane lissafin. In ta faɗi gaskiya, Elmer ya tafi. In ta yi shiru, ya tafi. Gudu kuma babu, don da wannan fuskar duk unguwar da ya sauka ta abokan gaba ce, in ma 'yan sanda sun bar shi ya sauka daga mota. Saura ƙarya. Fasto Abelino, mai cocinmu, ya same ta a ranar Talata yana murza hannu.

"'Yar'uwa Tancho, Allah ai zuciya yake dubawa. Kalma ɗaya ce, don ceton rai."

"Gaskiya ne, Fasto. To je ka faɗa musu. Ai naka ma baki ne."

Fasto ya dubi takalmansa, ya ce zai sa abin a addu'a.

Mutane sun ce tsoron Allah ne ya hana ta ƙarya. Wataƙila. Ni dai na ga abin da ya fi wannan nauyi. In ta yi ƙarya don Elmer yau, ya tabbata ke nan tana iya yi don Rigo, ba ta yi ba. Shekara tara tana kwana tana tashi a kan cewa ba ta da zaɓi a wancan karon. Kalma ɗaya za ta rushe mata wannan gini, kuma saboda mutumin da ko kallonsa ba ta son yi.

Ranar Alhamis da la'asar ta je gidan burodi, da tsofaffin mata huɗu na ƙungiyar addu'a a bayanta. Ta ce da Elmer ya wanke hannu ya ɗauko Littafinsa. Da ta gaya masa inda za su da abin da zai yi, sai ya dafa bango.

"Kashe ni za ki sa a yi."

"Gobe ma kashe ka za a yi. Gara ka mutu da bakinka a buɗe."

Suka tsaya a mahaɗar hanya, daidai gaban rumfarmu, inda 'yan daba ke zama a kan dakalin wani shagon da aka rufe. Chele na tsakiyarsu. Niña Tancho ta kunna lasifika, matan suka yi waƙar yabo baiti biyu da muryoyinsu masu rawa. Ba sabon abu ba ne, wa'azin titi kusan kullum ana yi. Sai ta miƙa wa Elmer abin magana.

"Ni ne Elmer," ya ce, muryarsa ta karaɗe layin. "Kun san ni. Ranar Asabar na shiga mashaya a tasha. Na sha giya."

Mahaifiyata ta bar pupusa tana ƙonewa.

"Kwalba nawa?" in ji Niña Tancho daga gefensa.

"Biyu."

"Ubangiji na jin ka. Ni ma ina da ido."

"Uku."

Wani daga kan dakali ya tuntsire da dariya, ya dubi Chele, ya haɗiye sauran.

Ta danna kafaɗar Elmer har ya durƙusa a kan kwalta. Ta karɓi abin maganar, ta ɗora masa hannu a ka, ta rufe ido.

"Ubangiji, ga Elmer. Ya faɗi, ga shi ya faɗa da bakinsa gobe ba ta yi ba. Raggo ne, ka sani, amma naka ne. Ga kuma Ovidio can a kan dakali, wanda suke kira Chele." Ba wanda ya taɓa kiran wannan suna a titi. "Ya hau kujerarka yana auna zukatan mutane, shi da ko juya uwarsa a gado bai iya ba. Ni kuma shekara tara ina kai masa rahoto, ina ce wa kaina kai nake yi wa aiki. Na ba da Rigo, ɗan Consuelo. Ba kai ka tambaye ni ba, su suka tambaya, na kuma ji daɗin a ce bakina ne ke yanke magana. Yau na ajiye. Duk mai son sanin zuciyar wani daga yau, ya zo ya tambaye ka da kansa."

Chele ya sauko daga dakali. Ya tsallako titi ba gaggawa, ya sunkuya ya kashe lasifikar da hannunsa.

"Kin gama, uwa?"

"Ban ce amin ba."

"To ce."

"Amin."

"Kin san abin da kika yi? A gaban yarana?"

"Na sani. Laraba zan zo in yi wa uwarka wanka, ko ka kashe shi ko ka bar shi, don ita ba ta yi mini komai ba. Amma duk abin da ya faru zan gaya wa Ubangiji a gefen gadonta. Ka kuwa san ban iya raɗa ba, ita kuma kunnenta lafiya lau."

Chele ya daɗe yana kallon Elmer, wanda gumi ya jiƙa wa riga har baya. Sannan ya juya wajen yaransa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Dokarmu ta mai ɓoyewa ce. Wannan wawan da lasifika ya faɗa." Ya taɓa gwiwar Elmer da bakin takalmi. "Tashi, mai burodi. Kwalba ɗaya nan gaba, ba wanda zan tambaya." Ya dawo kan Niña Tancho, murya ƙasa-ƙasa. "Ke kuma tun da kin ajiye, kin ajiye wa kowa. Sauran goman ma ba mai tsaya musu. Da idonmu za mu riƙa dubawa, idonmu kuwa ba ya ganin zuciya."

"Ni ma nawa bai taɓa gani ba," ta ce. Ta naɗe wayar lasifika ta sa a jaka.

Elmer ya rayu, har yau yana tallar burodinsa. Bai gode mata ba. Ya sauya benci a coci, yana gaya wa duk mai saurare cewa ta mai da shi abin kallo a titi.

Washegarin abin da ya faru a mahaɗar, Juma'a da hantsi, sauran maza goman suka taru a ƙofar gidanta cikin rigunansu masu dogon hannu. Babbansu, wani makaniki mai suna Baltazar, shi ya yi magana.

"Niña Tancho, kin fitar da mutum ɗaya daga rami kin tura goma bakin ramin. Yanzu ko tari na yi a kusa da mashaya, wa zai ce ba sha na yi ba? Ina da 'ya'ya uku."

"Babu," ta ce. "Da ma kun jingina rayukanku a bakin tsohuwa mai hawan jini. In na mutu jibi fa?"

"Ai ba ki mutu ba."

"To ga ni. Shaida ce ba zan ƙara bayarwa ba. Addu'a kuwa, ku shigo. Kowa zan ba shi ranarsa, in zo gidansa in zauna har su gaji da ganina."

Shida suka shiga. Huɗu suka juya, har da Baltazar, wanda ya tofa yawu a bakin ƙofar kafin ya tafi. Na ƙarshen shiga ya kama ƙyaure zai rufe, ta ce ya bar shi a buɗe, waɗancan ma in sun gama fushi ba su da wani wurin zuwa.