Farin Fitsari

Shekarar da aka sako ruwan Tiga cikin kanal ya ratsa ta bayan garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, manya suka samu alkama da tumatir, yara suka samu wurin iyo. Ni ban taɓa shiga ba. Ranar farko da na je kallo, a kan idona ruwa ya ja wani ɗan maraƙin Fulani, ya cusa shi ƙarƙashin ƙyauren ƙarfen da ake buɗe ruwa da shi, ya fito ta ɗaya gefen wuya a karye. Tun daga nan ko alwala aka ce in yi a kanal sai in ce na yi a gida.

Ba a jima ba yaran unguwarmu suka fara fitsarin jini. Ɗigon ƙarshe ne yake fitowa ja. Babu wanda hankalinsa ya tashi, don tun kafin kanal akan samu mai yi jefi-jefi, kuma abin da muka taso muka ji shi ne alamar balaga ce, yaro ya fara zama namiji. Da abin ya yawaita sai aka ce yaran yanzu saurin girma gare su. Baba da kansa ya taɓa dubana muna cin tuwo ya ce, "Kai har yanzu shiru?" Inna ta ce a ƙyale mata ɗa, nasa na nan zuwa.

Ɗan baffana shi ne shugabanmu. Da kaɗan ya girme ni, amma ya fi ni ƙashi nesa ba kusa ba, kuma shi ya fara yin ja, saboda haka shi ya kafa doka. Akwai wani farin daɓen siminti a bakin kanal. Da yamma kowa zai tsuguna a kai, sauran su leƙa. Wanda ya yi ja ya shiga sahun maza, daga ranar babu mai ikon ɗaga masa hannu, ko da shugaban ne. Wanda bai yi ba sunansa farin fitsari, jikinsa kuma na kowa ne.

Da farko muna da yawa, dukan yana raguwa kafin ya iso kaina. Sannu a hankali kowa ya yi ja ya tsallaka, aka bar ni ni kaɗai. Na sha tsumagiya, na sha ranƙwashi, an cusa mini yashi a baki, an ɗaure ni a jikin turken gonar tumatir an tafi iyo an manta da ni. Haƙorina na gaba da ya gutsire, a kan daɓen nan ya gutsire. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, ana dukana ina zagi, sai a ƙara. A gida ba na faɗa, don na san amsar: ka yi ja mana ka huta. Na tsani yamma a lokacin, har yau kuma ban yafe wa daɓen nan ba.

A wannan tsakani ne aka kawo wani malamin tsafta ɗakin shan maganin garinmu. Saurayi ne siriri mai keke. Ya roƙi tsohon siton taki da ke gefe, ya share, ya jera tebura, ya ce na yara ne. A makaranta komai "kar ka taɓa" ne, shi kuwa kana shiga zai ce, "Taɓa mana, ai don kai aka ajiye." Sai muka sa wa wurin suna ɗakin taɓawa. Akwai wani mutum-mutumin roba da ake buɗe cikinsa, ka zaro hanta da huhu da hanji ka mayar, in ka mayar ba daidai ba murfin ya ƙi rufuwa. Akwai tulu da ƙyalle inda muke tace ruwa mu ga abin da ya maƙale. Yakan shafa mana shuni a tafi, mu gaisa da juna, mu ga yadda ya zagaye ɗakin kaf kafin a wanke da toka da sabulu. Ni dai na so ɗakin saboda a cikinsa ba a duka.

Wata ranar Laraba ya fito da madubin likita daga akwati, mai ido ɗaya, irin wanda ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ya ajiye a bakin taga inda rana ke faɗowa. Kusa da shi akwai tasa cike da ƙananan dodon koɗi da ya tsinto a kanal. Ya ba mu cokali mu jujjuya su, ya ce wannan kam ban da hannu. Sannan ya ɗaga wata kwalba ya tambaya ko akwai mai fitsarin jini. Hannuwa suka tashi, ɗan baffana ya ture kowa ya karɓi kwalbar, ya zagaya baya, ya dawo yana ɗaga ta sama don 'yan matan da ke bakin ƙofa su gani.

Malam ya bari fitsarin ya kwanta, ya ɗebo na ƙasan ya ɗiga a kan gilashi. Muka yi layi. Da na sa ido na ga wasu abubuwa kamar 'ya'yan kankana, kowanne da ƙaya a gindi. Malam ya ƙara ɗigon ruwa, muka ɗan jira, na sake leƙawa sai ga ɗaya ya fashe, wani abu ya fito yana iyo.

"Sunansa tsargiya," in ji Malam. "Tsutsa ce. Tana fitowa daga dodon koɗin nan, ta shiga ta fata in kuna iyo. Ƙwanta kuka gani. Ƙayar nan ita ke yaga mafitsara, jinin da kuke gani na rauni ne. Wa ba ya shiga kanal a cikinku?"

Aka kwashe da dariya, aka nuna ni. Ya ba ni kwalba. Aka duba nawa, babu komai sai haske. Malam, bawan Allah, bai san garin da ya zo ba. Ya dafa kaina ya ce, "Wannan ne kaɗai lafiyayye a cikinku."

Da na yi shiru da wataƙila an tsaya a harara. Amma na daɗe ina jiran rana irin wannan. Na dubi ɗan baffana a gaban 'yan matan na ce, "Ashe Yaya tsutsa ce take cinka."

A gonar alkama suka tare ni, inda ta yi tsawo ba a hango mutum daga hanya. Ɗan baffana bai bar kowa ya taya shi ba. Ya kama wuyan rigata ya buga ni da ƙasa, ya haye kaina yana naushi har leɓena ya fashe. Na cije shi a dantse, na ji gishirin jininsa a bakina, ban saki ba sai da ya danna mini yatsa a ido. Ya miƙe, na ɗauka ya gama. Ina ƙoƙarin tashi a kan gwiwa ya ja baya ya zuba mini ƙafa a kwiɓi. Numfashina ya ɗauke. Na ji sauran suna cewa ya isa, ya ƙara ɗaya a wuri guda, suka tafi.

Washegari da safe na tsuguna a bayan gida, abin da ya fito ja ne tun daga farko har ƙarshe. Na tsorata ƙwarai. Na wanke wata kwalbar man shafawa ta Inna, na tara abin da ya saura, na nufi ɗakin taɓawa ina dafe da gefe. Wani yaro ya hango kwalbar ya ruga, kafin in isa sun taru a bakin ƙofa.

Malam ya ce in yi da kaina, ai na ga yadda ake yi. Na ɗiga, na sa ido, na juya ƙarfen a hankali kamar yadda ya koya mana. Na duba sama da ƙasa. Babu ƙwai ko ɗaya.

"Malam, babu," na ce.

Ya leƙa ya daɗe, sannan ya ɗaga rigata ya ga inda ya yi baƙi. "Wa ya yi maka wannan?"

"Saniya ce."

Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ya ce in jira shi a waje, zai ɗauko keke ya kai ni asibitin Kura.

Na fito da kwalbar a hannu. Suka yi cirko-cirko suna kallonta, don babu wanda nasa ya taɓa yin ja haka. Ɗan baffana yana gaba da farar rigarsa ta makaranta, dantsensa ɗaure da tsumma. Ya ce, "To, ka zama namiji ke nan." Har da ɗan murmushi, kamar shi ya yi mini hanya.

Na buɗe murfin na watsa masa a ƙirji. "Ungo kayanka, Yaya. Nawa ba tsutsa, ƙafarka ce."

Jan ya gangaro ta rigar har wando. Ya dunƙule hannu ya ɗaga, ni kuma ban matsa ba, don ko na so ba zan iya gudu ba. Sai wani ƙaramin yaro daga baya ya nuna ni ya ce, "Ya yi ja fa." Wani ma ya maimaita. Hannun ya tsaya a sama, ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya bai samu wanda zai ce masa bismilla ba. Ya sauke.

Malam ya turo keken, na hau baya ina riƙe da kwiɓina. Babu wanda ya sake dukana a garin nan. Gefen kuwa har yanzu yakan motsa in sanyi ya shigo.