Dattijo Mai Tsinken Tsintsiya

Kullum da hantsi Barira mai tattasai tana ganin wani dattijo a gefen Kasuwar Ose, hularsa ta koɗe, takalmin robarsa har gwiwa. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Sai ya durƙusa gaban katangar da ke tare kogi, ya zura tsinken tsintsiya cikin wata tsaga, ya zaro ya auna da yatsa.

A ranta takan ce, wannan lallai ya yi aiki a tsohuwar madatsar lantarkin nan ta arewa, wadda kowa ke fargabar ɓallewarta.

Yau dai ta kasa haƙuri.

"Baba, madatsar nan za ta kai mu rani kuwa?"

"Da yardar Allah, 'yata. Waɗanda na koya wa awon tsaga da tsinken nan suna can madatsar."