Muryar Inna a cikin wayata

Jama'a, yau Innarmu ta daka min tsawa a Kalgo, alhali tana Gwandu!

Ƙanwata Rabi ce ta sa min manhajar girkin da take haɗawa, wai in gwada. Surukaina na hanya, na ɗora miyar kifi, na danna minti ashirin. Maƙwabciya ta ja ni da hira, na manta shaf.

Kwatsam daga cikin hijabina: "Ke! Tukunyarki!"

Na ce "Na'am Inna!" na kwasa a guje da takalmi ɗaya. Saura ƙiris miyar ta kama! Alhamdulillahi.

Na kira Rabi ina haki. Ta ce, "Yaya, duk wadda na sa wa ƙararrawa sai da ta ƙona girki. Muryar Inna kuwa, wa ya isa?"