Gidan Abincin Auta

Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana dafa wa ɗaliban wata makarantar kwana abinci, shi ya sa har ya yi ritaya babu mai kiransa da wani suna sai Kuku. Gajere ne, mai kaurin damtse, bayan hannunsa duk tabon ƙunar mai. Tukwanen da ya yi rayuwarsa a kansu irin waɗanda sai mutum biyu sun kama ake saukewa ne. Bai taɓa jin ɗalibi ya yaba girkinsa ba, amma bai ɗauki hakan a bakin komai ba. Cewa yake yi shinkafar da ake kawo masa rabinta tsakuwa ce, man kuma da cokali ake auna masa. A ba shi kayan kirki da wuri nasa na kansa, a sha kallo.

Wurin ma ya riga ya zaɓa: wani shago mai ƙofa biyu a mahaɗar titi, tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Kullum in zai wuce sai ya rage sauri a gabansa. A ransa ya gama jera tebura, ya san inda murhu zai zauna, har launin fenti ya tsayar. Shagon ya yi zaman mai katifa, ya yi na mai aski, wani lokaci ya daɗe a rufe. Duk sanda ya zama babu kowa a ciki, matarsa takan ce, "Malam, ga shagonka fa an tashi." Shi kuma ya ce bari yara su gama makaranta. Da yara suka gama, ya ce bari gwiwar nan tasa ta yi sauƙi.

Ana cikin haka aka wayi gari masu walda na kafa ƙofar gilashi a shagon. Da ya tambaya, aka ce gidan abinci za a buɗe, kuma na Auta ne.

Auta ƙanin matarsa ne. A gidan Kuku ya tashi bayan rasuwar iyayensu, Kuku ya sha goya shi a keke ya kai shi asibiti. Da Auta ya girma ya yi direbanci, ya koma sayar da kayan gyaran mota, Allah ya buɗa masa. Ko ƙwai bai iya soyawa ba. Abin da ya fi ɓata wa Kuku rai shi ne Auta bai zo neman shawara ba. Sai ya ɗauko wani saurayi mai doguwar farar hula, wai ya yi makarantar koyon girki.

Ranar buɗewa Kuku ya ce gwiwa ta tashi. Sai da matarsa ta dame shi da cewa mutane za su yi magana, sannan wata ranar da azahar ya sa hularsa suka tafi.

Yana tura ƙofar sanyin na'ura ya dake shi. Fentin ba wanda ya zaɓa ba ne, amma ya fi nasa kyau. Fitilu na reto daga sama, kujeru masu laushi, tebura suna ƙyalli. Ya zauna yana shafa gefen teburin da yatsa ko zai sami ƙura, bai samu ba.

Yarinyar da ke kai abinci tana jingine a jikin kantar karɓar kuɗi tana danna waya. Sai da matarsa ta ɗaga hannu har ta gaji sannan ta taho, ta ajiye musu takarda mai hotunan abinci.

"Kifi," in ji Kuku.

"Babu."

"To, naman rago."

"Ya ƙare."

"'Yata, to me kuke da shi?"

"Shinkafa da kaza," ta ce, idonta na kan waya.

Suka zauna jira. Waɗanda suka shigo bayansu aka kai musu, suka ci, suka fita. Da nasu ya iso, farantin ɗaya ne, ɗayan wai an manta. Cokalin da maiƙo. Shinkafar ta caɓe a sama, cikinta kuma da ƙwaya. Kazar ta ƙone a baya, da ya tsaga ta sai ga ja a jikin ƙashi. Miyar ta huce har mai ya kwanta a kanta, gishiri kuwa kamar da hannu biyu aka zuba.

Kuku ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali. Wani daɗi ya sauko masa tun daga wuya har ciki, irin wanda rabonsa da ji tun ranar da ya ga masu walda. Ya ƙara loma don ya tabbatar.

"Sabon wuri ne," matarsa ta ce ƙasa-ƙasa. "A hankali za su gane."

"Ni na ce wani abu?"

Auta ya fito daga ciki yana murna, ya rusuna. "Babban Yaya, yau kai ne a wurin namu? Ya ka ji abincin?"

"Madalla," in ji Kuku. "Ku ci gaba a haka. Kada ku canza komai."

Daga ranar hira ta samu a shagon tela, inda yake zama da abokansa. Kullum da abu ɗaya yake farawa: "Ni ba na son in yi magana, yaron ɗan gida ne." Sannan ya kwashe labarin kazar tas, har da kwaikwayon muryar yarinyar. Kuma bai daina zuwa ba. Duk mako sai ya leƙa, ya zauna a lungu, ya ci, ya dawo da sabon labari: yau an kawo shayi babu sukari, jiya an sami gashi a miya.

"Kai da ba ka son wurin," in ji tela, "ai ka fi mai wurin zuwa."

"Duba lafiyar jama'a nake yi."

Da watanni suka ja, motoci suka ragu a ƙofar. Mai farar hula ya tattara ya tafi. Kuku ya san abin da zai biyo baya, har ya shirya jawabinsa. Zai bar Auta ya roƙa, ya tuna masa keke da asibiti, ya ce zai yi tunani.

Auta kuwa ya zo, wata ranar da la'asar, duk ya faɗa. Ya zauna a ƙasa, aka gaisa, ya daɗe yana murza makullin mota.

"Babban Yaya, alfarma na zo nema. Wurin nan zai mutu a hannuna."

Kuku ya gyara zama. "Ina jin ka."

"So nake ka bar Yaya ta riƙe mini kicin. Abincinta na ci na girma, ban taɓa cin wanda ya kai shi ba."

Kuku ya juya ya dubi matarsa kamar yau ya fara ganinta. "Ita? Ita ta taɓa dafa wa ɗaruruwan mutane?"

"Ban taɓa ba, Malam," ta ce. "Amma 'yan kaɗan ɗin da nake dafa wa ba sa ragewa."

Ya so ya hana. Ya lalubi dalilin da zai iya faɗa a gaban tela ba tare da an yi masa dariya ba, bai samu ba. Ya ce, "Ta je mana. Ni na riƙe ta?"

Ta je. Ta rage yawan abincin da ke takardar zuwa abin da za ta iya, ta sa aka ajiye waya a aljihun tebur lokacin aiki. Kafin wani lokaci motoci suka dawo, har masu kantin magani suna ƙorafin an tare musu ƙofa. Kuku bai sake taka wurin ba. In zai je kasuwa ta bayan layi yake zagayawa, da gwiwar tasa da komai. Da yamma takan dawo da kula cike, ya cinye, ya sha ruwa, ya ce albasa ta ɗan yi yawa.

Rannan a motar haya wani mutum na kusa da shi ya ɗauki hirar gidan abincin. Ya ce tun daga wancan ƙarshen gari yake zuwa, wata baiwar Allah ce ke girkin, hannunta sai dai a yi shiru.

"Ka san ta kuwa, Baba?"

Kuku ya dubi waje ta taga.

"Na san mijinta," ya ce. "An ce shi ya koya mata."

"Allah sarki. Shi ma yana girki?"

Kuku ya buga jikin motar ya ce a sauke shi nan, alhali da sauran tafiya kafin unguwarsu.