Buhun kashin giwa da na kawo wa Baba

Shekarun baya, ina tuƙin motar wani ɗan kwangila, aiki ya kai mu wani gandun daji na gwamnati, tafiyar yini guda daga Gaya. Ni da na taso a Gafasa, inda ko zomo sai an yi sa'a ake gani, sai ga ni ina taka birki don garken gwanki su tsallake hanya. Gadu ya wuce da jela a tsaye, birai na leƙe daga kan marke da ƙirya. Amma abin da ya tsayar da ni taura ce, ga ta nan birjik ba mai kula ta.

A gonarmu ta gado akwai wata taura da kakana ya bari, masu gawayi suka sare ta tun ina goye. Mahaifina bai taɓa hucewa ba. Damina uku yana shuka ƙwallon da ya sayo a kasuwa, ko ɗaya bai tsiro ba. Ga shi ƙarfinsa ya fara tafiya, kullum maganarsa ke nan: "Ina so in ga taura a gonar nan kafin a kira ni."

A gandun nan na miƙa hannu zan tsinka, wani abokina mai gadin dajin ya riƙe ni.

"A nan ko ganye ba a cira, malam. Kuma wadda ka tsinka ba lallai ta fito ba. Wadda giwa ta haɗiye ta kasayar, ita ce ba ta gardama."

Da yamma ya kai ni bayan iyakar gandun, inda giwaye ke fita su yi wa manoma ɓarna. Ga kashi nan tuli-tuli, ƙwallayen taura a ciki. Na cika buhu guda ina jin kaina kamar wanda ya haƙo zinare.

Na iso gida a gurguje, don maigidana na jiran mota a Kano. Na jingine buhun a bayan rumbu, na ce wa mahaifiyata, "Inna, kashin giwa ne, a ajiye min." Ban ƙara komai ba, wai ni mai dabara, so nake in yi wa Baba bazata.

Na manta a garinmu kashin giwa magani ne, da shi ake yi wa yara hayaƙi. Bayan kwana goma na dawo na tarar da buhu a ninke, an ma wanke shi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Inna. "Har daga Toranke an aiko, kowa na ba shi."

"Inna, ƙwallayen ciki fa?"

"Waɗannan duwatsun? Ai ba sa cin wuta. Na tsince su na watsa a juji."

Na ruga juji, wayam. An kwashe shi a amalanke an kai gonarmu taki, kamar yadda ake yi duk bazara, har an baza. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa ni kaɗai. Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ka ce a ajiye, ba ka ce na mene ne ba. Kana son ɓoyo, kana son a sani. Taura biyu ba ta taunuwa." Baba kuwa ban gaya masa ba, kunya ta hana ni.

Ruwa ya sauka, muka shiga noman farko. Baba ba ya iya sunkuyo sosai, sai dai ya biyo mu da sanda yana gyara mana. Ina cikin kafta fartanya na ji ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta ba.

"Kai! Ɗaga hannunka!"

Na zaci maciji ne. Ya durƙusa da ƙyar tsakanin kunyoyin gero, ya taɓa wani ɗan tsiro mai jajayen ganye, bai kai tsawon yatsa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Wannan taura ce. Daga ina?"

A nan na kwance masa labari duka, har da hayaƙin. Ya yi dariya har da hawaye. Uku muka samu a gonar, muka kewaye su da ƙaya. Awaki suka ci biyu, ɗaya ta tsaya.

Na ce masa, "Baba, an ce tana daɗewa kafin ta yi 'ya'ya."

Ya ce, "Ni na ce maka zan ci? Cewa na yi in gani."

Damina biyu bayan nan ya rasu. Tun daga lokacin na daina ɓoye-ɓoye da mutanen gida, in na kawo abu sai na faɗi amfaninsa. Taurar kuwa yanzu ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, kuma duk mai gatari a Gafasa ya san ba a zuwa kusa da ita. Bara ta yi 'ya'yan fari. Na tsinko ta farko na kai wa Inna, ta juya ta a hannu, ta ce, "Ashe duwatsun nan ne." Ba ta ci ba, ta sa a cikin kwanon Baba ta rufe.