Ranar Da Iya Ta Ce In Duba Mata Ƙafar Ƙanenta

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai kan abin da wasu suka aikata, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce a Wudil. Aurena ya mutu, na tattaro kayana na dawo gidan kakata, wadda muke ce wa Iya. Da ma a hannunta na tashi, tun daga yaye aka kai mata ni riƙo. Tsufa ya kama ta sosai, idonta ya tafi, sai dai ta bambance haske da duhu. Ni ke dama mata kunu, ni ke yanke mata farce, ni ke riƙe hannunta zuwa banɗaki, in baƙo ya yi sallama ni ke raɗa mata ko wane ne. Ban taɓa ƙorafi ba, don gaskiya ina jin daɗin a ce duk dangi babu wanda Iya ta yarda da shi kamar ni.

Akwai labari ɗaya da ba ta gajiya da ba ni. Tun zamanin Turawa, bayan rasuwar mahaifiyarta, mahaifinta ya ɗauki hanyar gabas a ƙafa zai je Makka. Ya tafi da ƙanenta, yaro ɗan ƙarami, ita kuma ya bar ta a wurin dangin uwarta masu ginin tukwane, ya ce in Allah ya yarda zai dawo. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ina 'yar yarinya wani mutum ya taɓa zuwa ya ce shi ɗan ƙanen nan ne, ya faɗi sunaye daidai, ya yi kuka, aka yanka masa kaji. Ya zauna ya ci ya ƙoshi, wata safiya aka neme shi aka rasa, har da keken baffana. Iya ta kwanta ciwo kamar ba za ta tashi ba. Da ta warke ta yi rantsuwa ba za ta sake buɗe baki ta yi magana da duk mai wannan da'awa ba sai an ga shaida. Shaidar kuwa ita ce, wata rana tana renon yaron a wurin gashin tukwane, wasa ya ɗauke mata hankali, ya taka toka mai zafi, yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu suka manne da juna. Ta ɓoye wannan ga kowa don kada wani maƙaryaci ya ji. Ni kaɗai ta gaya wa.

Ana nan sai 'yar baffana ta samu aiki a jami'ar garinmu ta dawo daga Kaduna. Na girme ta, a gabana aka yi sunanta. Yarinya ce mai fara'a da ladabi, ba ni da abin da zan ce ta yi mini, kuma wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ita ce ta zo da maganar binciken asalin danginmu. Ta bi tsofaffi gida gida, ta je Ɗankaza, ta je Kausani wurin wani tsoho da ya ce ya san kakanninmu, ta koma Kaduna inda ake ajiye tsofaffin takardun zamanin Turawa ta ɗauko hotunan wasu. Ta buɗe mana zauren dangi a waya, kullum sai ta sako wani abu. Yau ta ce ga sunan kakan kakanmu, gobe ta ce ashe daga wuri kaza muka taso. Sai ka ga yabo yana zuba, wannan ya ce Allah ya yi mata albarka, wancan ya ce da ma irinta ake nema. Suka sa mata suna Mai Tarihi. Mai Tarihi fa! Alhali rabin abin da take sakowa daga bakina ta ji, tana zaune a kan tabarmata tana shan kunun da na dama.

Da a waya abin ya tsaya da na haƙura. Amma sai Iya ta soma tambayata ko 'yar Kaduna ta zo. In an kawo soyayyen kifi daga bakin gada sai ta ce in rufe wani a ajiye mata. In ta zo kuwa, sai in ji Iya tana ƙyaƙyata dariya, irin dariyar da na manta rabon da ta yi mini. Tsofaffin labaran da nake ganin nawa ne, da na saya da wankin zannuwa da tashin asuba, ga su nan ana kwashewa cikin waya a yammaci ɗaya. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, zuciyata kamar ta ƙone. Kishi nake yi, kishi tsagwaronsa, amma a lokacin da wani ya gaya mini haka da sai mun kwashi 'yan kallo. Ce wa kaina nake yi ina kare Iya ne daga masu gajiyar da ita.

Sai ga babban labari. Ta hanyar wani zauren Hausawan Sudan, yarinyar nan ta samu wata mata da ta ce mahaifinta tsoho ne tukuf, kuma kullum yana faɗin cewa a Wudil aka haife shi, ubansa ya rasu a hanya, ya baro yayarsa a gidan masu tukwane kusa da kogi. Gidanmu ya cika. Baffanni suka zo, gwaggonni suka zo, wasu har da guɗa. 'Yar baffana kuma tana tsakiya riƙe da waya, idonta cike da hawaye, kowa yana shafa kanta. Ta roƙi Iya a kira su yanzu yanzu ta ji muryarsa. Iya ta ce a'a, wancan maƙaryacin na baya ma ya san sunan gari, ya san tukwane. Ta tambaya ko sun turo hotonsa. Aka ce sun turo. Sai ta ce kowa ya fita, a bar mata wayar, a bar mata ni.

Da ɗakin ya zama daga ni sai ita, ta laluba ta kama hannuna. Ta ce in duba mata da kyau, na san abin da zan duba. Na duba. Wani tsoho ne baƙi siriri zaune a kan tabarma cikin farar jallabiya, ya miƙe ƙafafu babu takalmi. Tun kafin in kai ga ƙafar na gane shi, don goshin Iya ne sak, har da yadda take ɗan karkatar da kai. Na ja hoton ya ƙara girma. Yatsu biyu na ƙafar hagu a manne suke. Babu wata tantama.

Ta taga ina jiyo baffana yana cewa ai wannan yarinya ta yi abin da maza suka kasa. Wallahi Edita, wannan maganar ce ta shiga kunnena ta toshe komai. Na ga yadda za a yi: zan buɗe baki in ce shi ne, Iya ta fashe da kuka, a shigo a rungume 'yar Kaduna, har jikokinmu su riƙa ba da labarin yadda ta haɗa Iya da ƙanenta. Ni kuwa a ce in tashi in ɗora ruwan shayi. Sai na ji bakina yana gaya wa Iya cewa ƙafafunsa lafiya lau suke, yatsu biyar biyar a ware. Ta sake tambayata ko na duba ta hagu. Na ce na duba. Ta saki hannuna a hankali, ta ce Allah ya isa tsakaninta da masu wasa da zuciyar tsofaffi, ta juya fuskarta bango.

Na fita na shaida wa jama'a cewa Iya ta ce ba shi ba ne. 'Yar baffana ta yi ta roƙo a gaya mata dalili, Iya ta ce kada a sake yi mata maganar. Waɗanda suka yi guɗa ɗazu su ne suka soma cewa da ma sun yi zargin 'yan damfara ne, yaran yanzu komai suka gani a waya sai su yarda. Na ga yadda fuskar 'yar baffana ta canza, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Daga ranar ta rage zuwa, zauren dangi ya yi tsit, kifin bakin gada ya daina jiran kowa.

Ban yi niyyar raba su har abada ba, Allah shi ne shaidata. Kafin in mayar da wayar na kwafi lambar matar. Dabarata ita ce in bari ƙura ta lafa, in nemi mutanen da kaina, in ce su turo wani hoton, sannan in zo in ce wancan ne bai fito sosai ba, ga gaskiya ni na gano ta. Sai dai kullum na ɗauki waya sai in ga ai bai yi nisa ba tukuna, za a gane. Aka shiga jarrabawa a makaranta, na ce bayan hutu. Aka shiga azumi, na ce bayan salla. A tsakanin nan Iya ta rage cin abinci, ta daina ba ni labarin hanyar gabas gaba ɗaya. Ina gani, ina kuma ci gaba da jira, kamar wadda aka yi wa alkawarin cewa tsofaffi biyu za su zauna su jira ni.

Ranar da na kira, wata ranar Asabar da hantsi, na tsaya a bayan ɗakin girki. Matar ta ɗauka da wata irin Hausa mai nauyi, gauraye da Larabci. Da na ce daga Wudil nake, sai ta ce mini ai Baba ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Ta ce tun da aka gaya masa an samu yayarsa yake sa a yi masa wanka a sa masa rigarsa mai kyau, ya zauna a ƙofar ɗaki da waya a cinya. Da saƙo ya zo cewa yayar tasa ta ga hotonsa ta ce ba ta san shi ba, bai yi fushi ba, cewa ya yi wataƙila tana jin haushin sun tafi sun bar ta. Sannan matar ta tambaye ni, ba da faɗa ba, a hankali, me ya sa gwaggonta ta ƙi shi. Na tsuguna a wurin na yi kuka kamar raina zai fita.

A ranar na shiga na durƙusa gaban Iya na gaya mata komai, ban rage ko kalma ba. Na so ta mare ni, na so ta tsine mini. Ba ta yi ko ɗaya ba. Can ta tambaye ni ko ya yi furfura, ko yana da ƙiba, ko da alamar ya sha wahala a rayuwa. Na kwatanta mata shi yadda na iya, tana gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta. Da na gama ta ce in share zaure in shimfiɗa tabarmi, in aika a gaya wa dangi ƙanenta ya rasu, za ta karɓi gaisuwa.

Mutane suka cika gidan, kowa da tambaya a baki: ba ita ce ta ce ba shi ba ne? Ina gefe ina jiran a tona ni. Sai na ji Iya tana gaya musu cewa taurin kanta ne, ita ce ta ƙi saurara, kada a ga laifin kowa. Ta sa aka kira 'yar baffana, ta riƙe hannunta a gaban jama'a ta roƙe ta ta yafe mata, ta ce aikinta gaskiya ne. Duk wanda ya shigo haka ta maimaita masa, har aka watse. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni na ci gaba da yi mata hidima har Allah ya karɓi abinsa kafin damina ta zagayo.

Abin da na koya shi ne, kishi ba ya zuwa da sunansa. Ni da rigar kulawa ya zo mini, na ɗauka ƙaunar Iya ce ke ci na, ashe ƙaunar a ce ni ce. 'Yan'uwa, in wani a danginku ya tashi neman asali ko neman 'yan'uwan da suka ɓata, ku ba shi abin da kuka sani tun masu labarin suna numfashi, ko da sunanku ba zai fito a ko'ina ba. In kuma wanda ba ya gani ya ce ku duba masa, ku ji tsoron Allah ku faɗi abin da ke wurin. Daga baya na samu 'yar baffana na gaya mata gaskiya, ta yi kuka, ta ce tunda Iya ta rufa mini asiri ita ba za ta buɗe ba. Shi ya sa har yau, in an taru a biki ko suna aka tuna da Iya, sai wani ya ce Allah ya ji ƙanta, mutuniyar kirki, sai dai taurin kai, da ta ƙi ƙanenta har ya mutu. Kowa ya ce amin. Ni ma ina cikinsu a zaune, ina ji ana ɗora wa matar da ta rene ni laifina.